Farar Budurwar Allon Man Gyaɗa

Ni da nake cika Fesbuk da wa'azin mutunta mata, da masu matsar man gyaɗa na Ajingi suka ba ni zanen allon ƙungiyarsu, ko tambayarsu ban yi ba. Gwani ai ba ya tambaya. Na zana wata fara siririya, gashin ido zara-zara, rungume da kwalba.

Ranar kasuwa 'yan acaɓa suka cika gindin allon, ba wanda ya sayi ko ludayi.

Shugabar matan ta kira ni. "Malam, wannan ta taɓa riƙe muciya kuwa?"

Na ce, "Inna, fasaha ce."

Har yau in na wuce sai su ce, "Ango, ya amarya? Ta fara taya mu aikin?"