Inna Halima Ta Koya Wa Na'ura Aike

Ranar Laraba da hantsi Mujitaba ya faka babur a ƙofar gidan kakarsa Inna Halima a Ƙafin Maiyaki, kwamfuta a hammata, fuska kamar an kawo masa sammaci. Wani kamfani ne ya ɗauke shi aikin gwaji. Suna da na'ura mai amsa tambayoyin manoma ta waya, tana da kayan aiki uku: mai duba farashi, mai duba ruwan sama, da mai ba da shawarar taki. Aikinsa ya rubuta wa kowanne bayani, don na'urar ta san wanda za ta ɗauka. Yau da la'asar za a jefa mata tambayoyi ashirin, in ba ta ci sha takwas ba, aiki ya tafi. Jiya ya gwada, sha ɗaya ta ci. Ga matarsa da tsohon ciki. Wallahi abin tausayi.

Ya yi sallama, Inna Halima ta fara amsawa kafin ta ɗago ta gane shi: "...lafiya lau, ya mutan gidan? Au, maigidan nawa ne? Yau ma hannu rabbana?"

"Tsohuwa, ni fa tun bara na sake ki, ke ce kika ƙi tafiya."

"Mijin da bai taɓa cefane ba shi ke da bakin saki? Me ya kawo ka?"

"Ba wajenki na zo ba. Gindin mangwaronki ya fi ko'ina sabis."

Ya zauna yana ta tsaki. Ta ajiye tsintar wake ta tsare shi da tambaya, har ya zayyane mata komai.

"To, karanto mini abin da ka rubuta wa baiwar Allah."

"Na rubuta, 'Wannan yana ba da farashi.'"

"Sai kuma me?"

"Shi ke nan."

"Innalillahi! Farashin me? Jaki ko masara? A wace kasuwa, Kwanar Dangora ko Tudun Wada? Buhu ko tiya? Sabuwa mai danshi ko busasshiya ta rumbu? Kai ko ni ka aika da wannan magana, zama zan yi a hanya in sha rake."

"Ji tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa, wai za ta gyara wa injiniya aiki!"

"Ban yi boko ba, amma shekara sittin ina aiken sakarkaru, kuma kai ne sarkinsu. Ka manta da na aike ka Kwanar Dangora sayen irin gyada?"

"Inna, ki bar tone-tone."

"Ka tarar iri ya ƙare, ka ga kunya ce ka dawo haka, ka auno mini soyayya tiya guda. Soyayya, Mujitaba! Ita zan shuka?"

"Ai ke kika cinye ta, da haƙori biyun nan naki."

"Na ci mana, ina ci ina tsine maka a zuci. Amma da na kwanta na ga laifina ne. Tun ranar, in zan aiki mutum sai na faɗa masa abin da nake so, da abin da ba na so ko kyauta ne. Na ƙarshe kuma, in babu ya dawo ya ce babu."

Nan Mujitaba ya tuna. Jiya aka tambayi na'urar kuɗin waken suya, ba ta samu ba, ta ƙirƙiro nata. Wani kuma ya ce taki nawa yanzu, ta tafi wajen mai shawara ta dawo masa da yadda ake zuba shi.

"Sake faɗa a hankali, tsohuwa."

"Au, yanzu injiniya ya zama ɗalibi?"

Ya shiga bugawa. In ya karanto, ta noƙe kafaɗa ta ce, "Ni ce na'urar, ban gane ba," ya goge ya sake. Bayanin ruwan sama sai da ta maido shi sau huɗu, don bai faɗi ko na gobe ake nufi ko na damina duka ba. Ya tura wa kamfanin aikin bayan azahar, ya kasa cin tuwon da ta ajiye masa.

Ana idar da la'asar waya ta yi ƙara. Ya duba, ya sake dubawa.

"Sha tara, Inna! Sun ce in fara ranar Litinin."

"Alhamdulillahi. Ɗayar fa?"

"Farashin rake aka tambaya, ni kuma na manta ban sa shi ba. Sai ta ce ba ta sani ba."

"Ka gani? Har ta fi ka hankali, ba ta kawo soyayya ba."

Ya yi dariya, sai kuma ya durƙusa gabanta, idonsa ya ciko.

"Na gode, Inna. Wallahi ke kika tsare mini abincina. Allah ya ƙara miki lafiya."

"Amin. Tashi, kar a ce na sa mijina kuka. Saki fa?"

"Na janye. Gobe zan kawo miki irin gyada tiya biyu."

"Ɗanya, ba soyayya ba. In kuma babu..."

"In dawo in ce babu."