Rasuwar Zabuwa, Motar Gidan Isaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, Malam Oumarou Isaka, tela a unguwar Kalley, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Zabuwa, motar da ya gada wurin mahaifinsa. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin Nasiru, tana da shekara arba'in da biyar.

Marigayiyar mai son jama'a ce. Ba ta taɓa yarda ta tashi da mabuɗi kaɗai ba sai maƙwabta sun taru sun tura, abin da ya ƙara zumunci a unguwa ƙwarai. Kowa ya san gaisuwarta ta safe: "Kyar-kyar-kyar... fuuu." Ta ɗauko amare, ta kai masu naƙuda asibiti, ta sha ƙetare gada zuwa Lamordé da buhunan geron da suka fi ta nauyi.

Ga yadda ciwon ajali ya fara. Hajjo, mahaifiyar Oumarou, ido ya yi rauni, ƙafa ta fara ƙi, ta ce tana son a kai ta Dogondoutchi ta yi sallama da dangin mijinta, kuma a cikin Zabuwa, ba wata ba. Oumarou, ɗan albarka, ya sayo sabon inji.

To, sai maganar wayoyin wuta. Marigayi Isaka direba ya shekara talatin yana gyara su da duk wayar da ta faɗo hannunsa, har launi ya daina nufin komai. Don kada ya rikice, kowace waya ya ɗaure mata ƙyallen atamfa. Oumarou ya buɗe gaban motar ya gani, kunya ta kama shi. Tela guda, a ga tsumma a motarsa? Ya sa almakashi ya datse su tas, sannan ya miƙa ta ga Nasiru, wanda ya rantse ya san irin waɗannan motoci kamar yunwar cikinsa. Shi kuma ya bi launi, yadda ya gani a bidiyo.

Allah Sarki! Aka taka birki, kilakson, wato ƙahon mota, ya ɗau kuka. Aka kunna fitila, magogin gilashi ya hau rawa. Nasiru ya ce ba komai, tana sabawa ne da sabuwar zuciya. A murɗa mabuɗi karo na uku ta yi kalmarta ta ƙarshe, "Tsss," hayaƙi ya tashi.

Ta bar tayoyi huɗu, babu biyu masu kama da juna, da duwatsu biyu na tare ta a gangare, da sabon inji, angon da ya yi takaba tun kafin ya tare. Ta kuma bar Nasiru, wanda har yanzu yake cewa ƙaddara ce.

Da aka gaya wa Hajjo ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi a kawo mata ƙyallayen. Ta shafa su ɗaya-ɗaya: mai fure na batir ne, kore na fitila, mai zane-zane na birki. Ashe daga zanen aurenta ta yago su, tana tsaye ana ɗaurawa. Ba wanda ya tambaye ta. Wannan shi ne abin da ya hana Oumarou cin abinci.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar. Amalanken jaki zai ja gawar zuwa wurin masu sayen tsohon ƙarfe, don haka ba a buƙatar masu turi. Ana karɓar gaisuwa a shagon ɗinki. Nasiru an yafe masa zuwa.

Hajjo kuwa za ta tafi ranar Asabar a motar haya, ƙyallayenta ƙulle a bakin zane. Ta ce Oumarou yana iya raka ta, amma ya bar almakashinsa a gida.