Sunan da Gogo Ba Ta Kira

"Lafiya lau, ya gajiya? Au, ashe kai ne. Na ɗauka baƙon kirki ne."

Haka Gogo Na'inna ta tarbi jikanta Bobboyi da ya tsayar da keke napep a ƙofar gidanta a Yola, alhali tun asuba take zaune da mayafi tana jiransa. Ɗanta na fari, uban Bobboyi, damina biyu ke nan yana tsare kan rikicin iyakar gona a Namtari, ko gaban alƙali ba a kai shi ba. Kewarsa na cin ta, amma wa ya isa ya gani a fuskarta? Yau za su Demsawo, inda wasu lauyoyi ke sauraron talaka kyauta.

"Hau mu tafi, tsohuwa, kafin sauran haƙorin ya zube."

"Ji mijin banza. Tun da na aure ka ko ɗankwali ban gani ba."

"Ai shi ya sa zan kai ki gun lauya, a raba auren kyauta."

"Lauyan kyauta kamarka ne, sai surutu."

"Su suka fito da ɗan Magdalena mai ƙosai. Amma ki shirya, za su tambaye ki sunan wanda aka tsare."

"Sai in ce wancan."

"Wane wancan? Gidan yari cike yake da wancan."

Gogo fa 'yar tsohuwar Yola ce. Kunyar ɗan fari ta sa tun ranar suna sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Kai ka faɗa musu, bakinka ya fi kasuwar Jimeta hayaniya."

"Ni in kira sunan ubana gatsal? Ke kika koya mini kunya."

"Da na koya maka, da ka iya."

Ta hau, suka kama hanya. Can, cikin ƙarar inji, ta ce a hankali, "Zubairu."

Bobboyi bai waiwayo ba. "Me kika ce?"

"Na ce ka kalli hanya, makaho."

Ya yi dariya. "Kin ci, Gogo. Wasa nake, ni zan faɗa musu."

"A'a, bar mini," in ji ta. "Na daɗe ina so in kira shi."