Ranar da Na Gode wa Azumi a Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙo mini lasifika a gidan biki ba, ko da tsufa ya kwashe duk sauran abin da ke kaina. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe biro ba. Autata Sakina ce take rubuta wannan, ni ina faɗa mata. (Ta ce in taƙaita. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, ai ni na sha kunyar. Ta ce ita ma ta sha. To, mu biyu muka sha.)

Bara mai gidana ya rasu. Daga gonarsa ta doya a Adogi ya dawo, ya ce kansa na sara masa, ya kwanta, bai sake tashi ba. Har yau in na dama kunu sai in zuba kofi biyu, sai na juya zan miƙa masa sannan in tuna. Kuka kam ban daina ba, kuma ba na ɓoyewa. Wanda ya gaji da hawayena ya kau da kai.

Da ya tafi, gidan ya dawo kan Sakina da shagonta. Shago dai take ce masa, amma ni ban taɓa ganin ƙofarsa ba. Kayan ciki na mata take sayarwa: rigar mama, kamfai, shimi, da wasu rigunan barci da in kin ɗaga su kina hango bangon ɗaki ta cikinsu. Kayan suna cikin jakunkuna a ƙarƙashin gadonta, shagon kuma wai yana cikin waya, a intanet. Na tambaye ta wa ke share shi da safe, wa ke kulle shi da yamma. Ta ce, "Inna, ki bari kawai."

Ciniki kuwa ba ya tafiya. Ina zaune a ɗaki ina takaba, sai in ji ta tana tsaki a tsakar gida tana cewa mutane suna shiga suna fita ba sa sayen komai.

Na ce, "Da kika ga sun shigo, kin gaishe su?"

"Inna, ba ganinsu nake yi ba."

"To ta yaya kika san sun shigo?"

"Wayar ce take nuna mini."

"Ita wayar ta gaishe su?"

Sai ta dafe kai. Ni kuwa na yi shekaru ina sayar da man gyaɗa a kasuwar Lafia, ban taɓa barin mutum ya gifta gabana ban tambaye shi gida da yara ba. Wannan irin kasuwa ta aljanu ban san ta ba. Abin da na sani shi ne buhun shinkafa ya kusa kaiwa ƙasa, kuma in shagon nan ya mutu ba mu da wata madafa.

Sai Sakina ta kira wata ƙawarta, Dooshima, 'yar ƙabilar Tibi, tare suka yi makaranta, ita ta karanci kwamfuta. Yarinya mai kirki, sai dai Hausarta ba ta raba mace da namiji. Ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Mama, yaya haƙuri? Kai ka yi haƙuri fa, Allah ya san komai." Na ce na gode, na share hawaye, suka shimfiɗa tabarma a inda nake jin su.

Dooshima ta duba shagon ta ce dole mutane su gudu. Hotunan sun yi duhu, an ɗauke su a kan tabarma, har ƙafar kaza ta fito a ɗaya. Ba a rubuta farashi ba, sai mutum ya tambaya, kuma mace mai kunya ba za ta tambaya ba. Babu awo, kowa sai ya yi ta canka. Suka karɓi farin zanen gadona da nake ajiye wa baƙi, suka shimfiɗa a rana, suna jera kamfai a kai ɗaya bayan ɗaya suna ɗauka. (Ina leƙe ta labule ina salati. Da marigayi yana raye ya shigo ya ga tsakar gidansa haka, da ta ƙofar da ya shigo zai koma.) Suka samo tef na tela, wai za su nuna wa mata yadda za su auna kansu a gida. Dooshima har ta ce ko Mama zai tsaya a gwada da shi. Na ce ina takaba, su ji tsoron Allah.

Abu biyu ta fi nanatawa. Na farko ta ce a rubuta a can saman shagon cewa sirrin mai saye a rufe yake, za a kai kaya a baƙar leda, ba wanda zai san abin da ke ciki. Ta ce abin da zai sa mace ta bar rumfar kasuwa, inda namiji ke ɗaga mata rigar mama a gaban jama'a, ta zo wurin Sakina, shi ne wannan alkawarin. Ni abin da na fahimta a nan, zancen leda ake yi, kada mai keke ya ga kayan. Na ce wannan mai sauƙi ne, na iya ƙulli.

Na biyu ta ce duk wadda ta saya a gode mata. Nan na gyara zama, don an zo fagena. Amma sai na ji wai wayar ce za ta riƙa aika godiyar da kanta. Na ce, "Waya? Mutum ya taimake ka, ka tura masa ƙarfe ya gode masa?" Suka yi dariya suka ci gaba da aikinsu. Ni ban yi dariya ba. Na ajiye abin a raina, na ce wannan rashin tarbiyya ba da sunan gidanmu ba.

Ikon Allah, gyaran ya yi aiki. Waya ta fara ƙara, Sakina tana tsalle. Don murna sai ta riƙa karanto sunan mai oda da ƙarfi, ni ina ƙulla leda. Wasu sunayen ban san su ba, wasu kuwa na san iyayensu da kakanninsu. Rannan sai ta yi turus, ta ce, "Goggo Azumi!"

Azumi ƙawata ce tun muna amare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta duk sun yi aure. Ita ce take zuwa ta zauna da ni a takaba, in na yi kuka ta taya ni, in na ƙi cin abinci ta yi mini faɗa. To wai ita ce ta sayi jan saiti mai leshi, da baƙar rigar barci wadda ba ta da baya. Ina jin haka na fashe da kuka. Na ce dubi baiwar Allah, ta sayi abin da ba ta da amfani da shi, don kawai ta taimaki marainiya. Sakina ta ce, "Inna, don Allah kada ki gaya wa kowa." Na ce wa zan gaya wa ina ɗaki? Kuma har ga Allah ban yi niyyar gaya wa kowa ba. A wurina ba da labari daban, godiya daban.

Da na fita takaba, fitata ta farko bikin 'yar ƙanin marigayi ce a Kwandere. Kun san al'ada, wadda ta fita takaba tana bin mutane ta gode musu da zuwa gaisuwa. Na ce ga kowa a wuri ɗaya, Allah ya rage mini yawo. Ranar yinin biki an kafa rumfa, mata cike, ga mai kiɗan na'ura a gefe. Sai mai gabatarwa ta ce a ba uwa lasifika ta sa wa amarya albarka.

Na karɓa. Na yi wa amarya addu'a, na ce da baffanta yana nan da shi zai fi kowa murna, sai kuka ya ƙwace mini. Mata suna ta "Allah ya ji ƙansa", wasu suna share ido. Na gode wa waɗanda suka zo gaisuwa, da waɗanda suka aiko da abinci. Da a nan na tsaya, da na koma gida da mutuncina. Amma na hango Azumi a layin gaba, ta sha ɗaurinta, 'yarta babba tana gefenta, sai zuciyata ta cika.

Na ce, "Jama'a, akwai wata godiya da waya ta yi, amma ni ban yi ba. Akwai bayin Allah a nan da suka riƙe marainiyata, suka sayi kayan shagonta. Azumi, tashi a gan ki."

Ba ta tashi ba. Na ɗauka tawali'u ne.

Na ce, "Kun gan ta nan, ba ta son a faɗa. Jan nan mai leshi ta saya, da rigar barcin da ba ta da baya. Ku gaya mini, mace ba miji, wa za ta sa wa? Wallahi don Allah kawai ta saya. Allah ya saka miki da Aljanna, Azumi."

Na jira amin. Ba amin. Rumfar ta yi tsit, har ina jin kukan akuya a bayan gida. Can daga baya wata ta ce, ba da ƙarfi sosai ba amma kowa ya ji, "Ashe zancen Alhajin Assakio gaskiya ne." 'Yar Azumi ta juya ta kalli uwarta ta ce, "Umma, wane Alhaji?" Azumi kuwa ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa.

Ni fa har lokacin ban gane ba. Na ɗauka an ji nauyin alherinta ne. Sai na ce bari in ƙarasa, kada sauran su ce na yi son kai. Na ce, "Sai kuma matar..."

Ban san mata masu jiki suna da sauri haka ba. Daga kusurwa daban-daban suka taso a guje. Wata ta rangaɗa guɗa ba dalili, wata ta yi wa mai kiɗa tsawa ya saki kiɗa, wata malamar makaranta da nake ganin girmanta ta tsallake kujera ta fizge lasifikar tana cewa, "Inna ta gaji, a ba ta ruwa!" Na ce ban gaji ba, saura sunaye. Ta toshe mini baki da ledar ruwa. (Sakina ta ce in faɗi cewa ita a lokacin tana bayan rumfa tana raba abinci, ta ji muryata a lasifika, faranti ya faɗi daga hannunta. Na faɗa.)

A keke muna dawowa Sakina hawaye kawai take yi, wayarta tana ta ƙara. Wannan ta ce a soke odarta, waccan ta ce a goge sunanta, wata ta ce ashe sirrin naku na lasifika ne. A nan ne abin ya fara shiga kaina, a hankali, kamar ruwa a busasshiyar ƙasa. Dooshima ta zo washegari ta zauna ta riƙe haɓa ta ce, "Mama, ka kashe mu." Na ce ni godiya na yi, ba ke kika ce a gode ba?

Na ɗauki mayafi na tafi gidan Azumi. Ta bar ni a tsaye a tsakar gida har ƙafata ta yi sanyi, sannan ta ce in shigo. Na durƙusa, da tsufana, na ce ta yafe mini.

Ta ce, "Na daɗe ina neman bakin da zan gaya wa yaran nan zan yi aure. Kin gaya musu, kin haɗa da Kwandere gaba ɗaya, har da kalar kaya."

Na ce, "Wallahi na ɗauka sadaka kika yi."

"Sadaka da rigar da ba baya? Ke wai kanki ɗaya kuwa?"

Sai na tambaye ta abin da ke cina. Na ce yaya aka yi ta iya, ni da ko takalminsa na kasa ɗaukewa daga bakin ƙofa. Ta ce, "Naki sabo ne. Ki bari ɗakin ya yi miki shiru na shekaru, sannan ki zo ki tambaye ni." Muka yi kuka tare kamar da. Amma da zan tafi ba ta raka ni ƙofa ba, kuma da aka ɗaura auren a bakin mutane na ji.

Shagon bai mutu ba, amma ya yi jinya. Dooshima ta sake gyara shi, yanzu mace ba sai ta sa sunanta ba, lamba ake ba ta, kuma tana iya zaɓar inda za a ajiye mata kayan ta aika a ɗauka. Suka rubuta ban haƙuri a saman shagon. Wasu sun dawo, wasu har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sakina ta daina karanta oda da ƙarfi. In waya ta yi ƙara sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta fito ta miƙo mini kaya a naɗe, ni in ƙulla leda ban san na wace ce ba.

Na tsufa ina ganin babu alherin da ya fi ƙarfin a faɗe shi a gaban mutane. Ashe akwai wanda in kin faɗa kin ci amana. Don haka matan Lafia, in kun haɗu da ni a hanya na gaishe ku na wuce ban ce komai ba, kada ku ce tsohuwar nan ba ta da godiya. Shirun nan da kuka ji, godiyar ke nan, kuma Allah ya sani da ƙyar nake yin ta.