Rasuwar Tsohon Bututun Fetur na Kitikar Uwaisu

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ga haushi a kai, Malam Uwaisu Direba na garin Kabo yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar bututun fetur na kitikarsa, wato 'yar motarsa mai buɗaɗɗen baya, wanda ya bar duniya ranar Litinin da hantsi a maƙerar Lakwaya, bayan shekara goma sha takwas a bakin aiki.

Marigayin jan ƙarfe ne, siriri, mai sauƙin kai. Shi ke ɗauko fetur daga tanki ya miƙa wa kafireto, kuma tun kafin yaƙin Bama yake kwance a ƙarƙashin mota yana shan taɓo, bai taɓa neman a gode masa ba. Idan ya tsage ba ya ɓoyewa. Sai ka ji "ɗis, ɗis" a ƙasa, a kwaɓa sabulun salo a shafa masa, a naɗe da zare, ya kai ka Gwarzo ya dawo da kai.

Ba cuta ce ta kashe shi ba, gyara ne.

Gwaggo Uwaliya, ƙanwar mahaifin Uwaisu, wadda ta raine shi tun yana goye, za ta tafi aikin hajji, kuma dole ta isa Kano ranar Laraba don jirgin alhazai. Uwaisu ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce shi zai kai ta, ba za ta hau bayan lori kan buhuna ba. Sai ya ga bai dace mai zuwa Makka ta shiga motar da aka ɗaure wa ciki da zare ba. Ya je wani kantin Turawa a Kano ya sayo sabon bututu na farin ƙarfe, irin wanda aka ce ba ya tsatsa, da notinsa biyu masu ƙyalli. Ranar Lahadi ya tuƙa motar zuwa wajen Ya'u Maƙeri a Lakwaya, ya kwance marigayin yana lafiya lau, ya jefa masa ya ce ya riƙe, ya gama da shi.

Sabon ya ƙi lanƙwasuwa da hannu, ya ƙi da gwiwa. Bakinsa kuma yana bukatar a buɗa shi kafin noti ya kama.

"Ƙarfe ai ƙarfe ne, Direba," in ji Ya'u. "Kakana takubba ya ƙera, balle wannan tsinke."

Ya cusa shi a wuta aka yi ta zuga, ya buɗa bakin da tsinin ƙarfe kamar mai yin ƙotar fartanya. Aka ɗaura. Uwaisu ya wana inji, fetur ya yi tsartuwa ta wata tsaga siririya kamar gashi. Ya'u ya ce ɗauri ne bai ji ba. Ya ƙara wa sifana tsawo, ya taka tayar mota, ya ja da ƙarfin mai tuge kututture. Noti ya cije, haƙoran kafireto suka zube. Aka shafa sabulu, ya zame. Aka ƙara, ya sake zamewa. Ƙarfen ya fi sabulun santsi.

Litinin da hantsi Uwaisu na kwance ƙarƙashin mota, fetur na ɗiga masa a gemu, yana jin "ƙwan, ƙwan, ƙwan" daga maƙera. Har ya ji daɗi, a zatonsa Ya'u wata dabara yake ƙera masa. Da ya gaji ya fito ya ce a dawo masa da tsohon bututunsa.

"Wanne? Ai kai ka ce ka gama da shi," in ji Ya'u.

Ashe wannan ƙarar ita ce maganar marigayin ta ƙarshe. An datsa shi gida bakwai, an yi mundaye, mata masu wucewa zuwa suna a Masanawa sun riga sun saka a hannu sun tafi.

Ya rasu ya bar tanki cike, da kafireto mai jinya, da tayoyi huɗu da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ya kuma bar magajin da ba ya tsatsa, ba ya kuma aiki.

Ranar Talata Gwaggo ta hau jakin maƙwabcinta Baƙo zuwa bakin hanya, ta shiga bayan lori kan buhunan dawa. Saƙon da ta aiko gajere ne: "Ku ce wa Uwaisu zan yi masa addu'a a can. Ta hankali zan fara, ta arziki ta biyo baya."

Ba za a yi wanka ko sutura ba, tunda gawar tana yawo a hannun jama'a. Ranar Alhamis bayan azahar ake neman majiya ƙarfi goma sha biyu da igiya, a ja kitikar daga Lakwaya zuwa Kabo, ta bayan gari, ba ta kasuwa ba. Ya'u yana iya zuwa, amma hannu wofi. Kafin nan ana karɓar gaisuwa a ƙofar maƙera. Mai neman Uwaisu ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, kuma don Allah kada a zo da ashana.