Yadda Na Zaɓar wa Kawu Mota a Yendi

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin nan na Yendi, kuma ko na so in manta, mutanen zangon Salaga ba za su bar ni ba.

Lokacin sojoji sun fara dawowa daga yaƙin Bama, ni kuwa gemu bai gama fito mini ba, amma ciwon mota ya riga ya kama ni. Aikina a gidan Kawu Alhaji Garba goro ne: in zaɓe, in yayyafa ruwa, in jera ganye, in ɗaure. Da na ga idonsa ya kauce, sai tashar lori. Can na yi karatuna kaf, a bakin direbobi. Na san giya, na san birki, na san kafireta (ban taɓa ganinta ba, amma in kun ji yadda nake kiran sunanta sai ku rantse ni na raɗa mata). Tuƙi ne kawai ban taɓa yi ba. Sai dai na taɓa zuwa Kumasi ɗauko goro, da na dawo na baza wa gari cewa can na koyo mota. Gaskiyar magana, miyar barkonon Kumasi ce ta riƙe ni a bayan gida har ranar dawowa.

Ana nan sai gwiwa ta hana Kawu hawa doki, ya ce zai sayi motar shiga irin ta manya. Biyu aka yi masa talla. Ɗaya koriya ce ƙirar Ingila, ta wani Kwara, Balarabe mai kanti a Tamale, da zai koma ƙasarsu. Ɗayar baƙa ce ƙirar Amirka, ta Alhaji Sa'idu mai shanu na Bawku. Dukansu za a kawo su Yendi, inda za mu haɗu wajen ɗaurin auren ɗan wani abokin cinikinsu. Kawu ya kira ni ya ce tunda ni ne masanin gidan, in zaɓa masa, kuma in har na tuƙo shi lafiya zuwa Salaga, na rabu da ganyen goro har abada, na zama direbansa.

Ku ce na ji tsoro? Ko kaɗan. Na ce a raina abin da na shekara ina kallo ba zai gagare ni ba. Ƙafa ta taka, hannu ya murza, shi ke nan.

Tun daga Salaga har Yendi, a bayan lori, ban bar kunnen Kawu ya huta ba. Na ce masa koriyar nan ta Ingila tsohuwar malama ce: ga ladabi, ga kujerar fata, ga katako mai sheƙi a gaba, fetur kaɗan ya ishe ta, in ta lalace akwai kayanta a Kumasi, in ka tashi sayarwa ba ka faɗuwa. Amma gudu fa? Jaki mai zuciya zai wuce ta a hawa. Kuma a kan gargadar hanyarmu sai ta zubar maka da haƙora. Ita kuwa baƙar, silinda takwas gare ta, kujerarta kamar katifar rimi, tana taka rami ba ka sani ba. Kawu ya ce ya ji an ce tana shan fetur kamar raƙumin da ya fito daga hamada. Na ce ai babban mutum ba ya tambayar abin da dokinsa ya ci. Na ƙara da cewa irinta sak na tuƙa a Kumasi.

Koriyar aka fara gwadawa. Direban Kwara ya ja, Kawu na gaba a hagunsa, ni ina baya ina tsaki duk inda muka taka dutse. Muka dawo Kawu yana murmushi, na raɗa masa cewa ya dai jira ya ga mota.

Bayan azahar na ga ɗayar a gindin bishiya, ƙofar gidan biki. Doguwa, baƙa wuluk, hancinta kaɗai ya kai tsawon gado. Direbanta, wani tsohon kofur, ya shiga cikin gida cin tuwo. Jama'a sun kewaye ta, makaɗan Dagwamba na gefe da gangunansu. Na kutsa na shafa hancinta, na harbi taya da ƙafa kamar yadda na ga direbobi na yi, na ɗaga murya ina maimaita karatun da na yi wa Kawu. Alhaji Sa'idu ya saurare ni har na gama, sannan ya miƙo mini makulli, ya ce tunda na san ta haka, in ɗan zaga gari da kawuna.

To, mu a gidanmu ba a buɗe wa babba ƙofa a tsaye. Na je gefen hagu, inda na ga Kawu ya zauna a koriyar, na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ja ƙofa. Kawu mutum ne mai jiki, ga babbar riga ta shan biki, ga rawani ya sauko masa har gira. Ya tattara rigar, ya cusa kansa da baya yana nishi, ya baza ta a gabansa. Na rufe ƙofa ban ɗaga ido ba.

Sannan na zaga ta gaban motar a hankali, don 'yan matan da ke tallan ƙosai su gan ni da kyau. Makaɗa suka juyo da kiɗa kaina. Na buɗe ƙofar dama, na zauna, na rufe, ina ɗaga wa jama'a hannu ta taga. Na yi bisimilla, na miƙa hannu biyu gaba.

Iska na kama.

Na laluba da ƙafa, ba birki, ba komai, sai tabarmar roba. A gabana ba abin da ke akwai sai wata 'yar ƙofa ƙarama. Don Allah kada ku tambaye ni dalili, amma sai da na buɗe ta (tsumma ne a ciki da rabin goro). Duk motar da ta taɓa shigowa Salaga a idona, sitiyarinta a dama yake, kuma duk cikin direbobin tasha ba wanda ya taɓa gaya mini cewa Amirkawa nasu a hagu suke sawa. Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Sai na leƙa ta taga, gaban kowa, na ce wa Alhaji Sa'idu:

"Alhaji, wa ya cire sitiyarin motar nan?"

Kafin a ba ni amsa, Kawu ya yi magana daga gefena. "Kai ɗan nan, wannan faifan da ya tokare mini ciki fa, na mene ne?"

Ya ɗaga rigarsa, ga sitiyari kwance a kan tumbinsa. Ya yunƙura zai gyara zama, cikinsa ya danne ham. Motar ta kwarma ihu, awaki suka watse, wata tsohuwa ta zubar da kokonta. Sannan dariya ta tashi, irin wadda mutane ke riƙe juna don kada su faɗi. Kofur ya fito da loma a hannu, ya dube mu, ya sara wa Kawu, ya tambaye shi ina za a. Alhaji Sa'idu kuwa bai yi dariya ba. Ya sunkuyo taga, ya tambaye ni a hankali ko a Kumasin daga wannan kujerar nake tuƙa ta.

Sai da mutum biyu suka taimaka aka zaro Kawu. Bai zage ni ba, bai ko dube ni ba, wanda ya fi zagi zafi. Kafin la'asar ya gama ciniki da Kwara a kan koriyar, har da direbanta. Ya ce ya gwada baƙar da cikinsa, ba ta yi masa ba.

A koriyar suka koma Salaga. Ni a lori na biyo su, kuma labarina ya riga ni isa. Washegari na koma gaban goro. Ran Juma'a akan bar ni in wanke motar, amma direba ba ya barin makulli kusa da ni.

Har yanzu ina nan a kan bakana cewa baƙar ta fi daɗin zama. Wannan kam ba ji na yi a tasha ba, na zauna, kuma ko cikin wannan kunya bayana ya ji taushi. Abin da dai na koya: in za ka yi ƙaryar ka san mota, ka fara leƙawa ta taga kafin ka karɓi makulli.