Yadda Za Ka Shigar da Kyamarar Gabas Gidan Surukin da Ya Tsani Gabas

Kai mai neman aure a nan garin Bochum na Jamus ta Yamma, da ka sayi kyamara mai araha ta littafin odar babban kanti, matso kusa. Ka sani, na sani, sunan kantin kawai aka manna mata a goshi, amma a Jamus ta Gabas aka ƙera ta. Bi matakan nan, ko shakka babu za ka ci nasara. Da su na shirya Ottmar, maƙwabcina.

1. San dodonka

Dodon Ottmar shi ne Herr Ziegner, baban budurwarsa Gudrun. Da akwati ɗaya ya tsero daga Gabas kafin a gina katangar da ta raba Gabas da Yamma, kullum cikin tsine wa 'yan gurguzu yake. Kada ka tambayi sana'ar da ya baro can. Yawan tambaya aikin 'yan sanda ne.

2. Kankare shaida

Juya kyamarar. A gindinta za ka ga an rubuta Dresden, garin Gabas da aka ƙera ta, da ƙananan baƙaƙe. Sa magagari ka goge, ka shafe wurin da baƙin man takalmi. Kare ma in an datse masa wutsiya mantawa yake da gidansu.

3. Ƙaga mata asali

Ka ce 'yar Japan ce. Duk unguwarku wa ya taɓa zuwa Japan?

4. Je gidan suruki shan gahawar Lahadi

Rataya ta a ƙirji kamar lambar yabo. Haka Ottmar ya yi, har da ɗaure wuya. Gudrun ta raɗa masa, "Kai, ba ita ce ta littafin oda, shafin da ke kusa da tukwane ba?"

"Ke dai gyara gashinki," in ji shi.

5. Danna da ƙarfin hali

Ottmar ya jera Gudrun da babanta bayan faranti, ya danna. Ƙwaras! Kamar an rufe ƙofar gareji.

Herr Ziegner ya ajiye cokali. "Sake dannawa, yaro."

Ƙwaras!

"Shekara goma sha huɗu ina haɗa cikin irin wannan da hannuna," in ji tsoho, idonsa ya kawo ruwa. "Ko a kabari na ji ƙarar nan sai na ɗaga kai. Miƙo ta, ɗana."

Ɗana! Ottmar har ya fara jin ƙararrawar ɗaurin aure a coci. Tsoho ya juya kyamara yana shafa ta, sai babban yatsansa ya fito baƙi ƙirin.

"Wane jakin ne ya kankare sunan garinmu?"

"Herr Ziegner, ai na ji kun tsani..."

"Gwamnatin na tsana, sakarai, ba garin da aka binne uwata ba! Yau ka goge wannan, gobe in 'yata ta ba ka kunya me za ka goge mata?"

6. Nemi hularka

Kada ka tsaya jiran kyamara, tana cinyar tsoho. Fita a hankali, akwai matakala.

Gargaɗi

Ni aji huɗu na yi, ba malami ba ne. Shawara na bayar, ba ni na riƙe magagari ba. Gaskiya ne na shekara takwas ina karta da Ziegner, na kuma san sana'arsa, amma duba mataki na ɗaya: ba a tambaye ni ba. Wanda ya rasa mata kada ya buga mini ƙofa. Kyamarar dai lafiyarta ƙalau. Da ita tsoho ya ɗauki hotunan bikin Gudrun da ɗana Rüdiger, kuma sun fito tar.